Yadda Ake Fara Tara Tsofaffin Kwabban Tagulla na Amurka daga Bauchi

Kalmar kwabo da muke faɗa kullum ta samo asali ne daga sunan da Turawan Ingila suke kiran tagulla, domin da jan ƙarfe ake buga ƙananan kuɗinsu, saboda haka sha'awar tara tsofaffin kwabban tagulla ba za ta zama baƙuwar aba a kunnen Bahaushe ba. Bayanin da zan yi ya shafi reshe guda ne na wannan sha'awa, wato kwabban da aka buga a Amurka daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, da yadda mutumin da yake zaune a Bauchi zai shiga harkar ba tare da ya zubar da kuɗinsa a banza ba. Tun daga farko ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda: darajar tsohon kwabon tagulla tana jikin fatarsa ne, wato launi da laushin da shekaru suka ɗora masa, kuma yawancin asarar da sababbin shiga suke tafkawa tana faruwa ne domin ba su iya karanta wannan fata ba, ko kuma domin sun ɓata ta da hannunsu.

Shawarata ita ce kada a fara da Amurka. A fara da abin da yake kusa. A shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a tambayi 'yan koli da masu tsofaffin kaya ko suna da anini da ɗari da kwabo mai huda, ko kuma a roƙi wata tsohuwa a cikin dangi ta buɗe adakarta. Da yawa daga cikin kwabban zamanin Turawa farare ne, domin an gauraya tagullar da nikel, don haka a zaɓi jajayen: kwabon Afirka ta Yamma na 1952 zuwa sama, da kwabon Tarayyar Nijeriya na 1959, da kwabo ɗaya na 1973 da ya zo tare da naira. A sayi goma ko ashirin da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a shimfiɗa su a kan tsumma mai laushi da hantsi, a yi ta dubawa. Za a ga wani ya yi ruwan ƙasa mai santsi kamar ƙwaryar da aka daɗe ana amfani da ita, wani ya yi baƙi da ƙananan ramuka, wani kore ya kama shi, wani kuma ya yi ja fes irin na abin da aka goge. Wanda idonsa ya iya rarrabe waɗannan huɗun ya riga ya koyi rabin sana'ar, kuma da kuɗin goro ya koye ta.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar madubin ƙara girma mai ninka abu sau goma, da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal wanda yake nuna ɓangaren giram, da mayen ƙarfe, da fitila guda mai haske daga gefe ɗaya, da littafin rubutu.

Daga nan sai a san dangogin kwabban, domin ba a tara abin da ba a san asalinsa ba. Bayan Amurka ta sami 'yancin kai, ƙasar ta yi fama da ƙarancin canji, kuma abin da yake yawo a hannun jama'a yawanci rabin kwabon Ingila ne, mai yawa daga ciki na jabu mara nauyi. Wannan ya sa wasu jihohi suka ba da izinin buga nasu tsakanin 1785 da 1788. Connecticut ta buga nata mai kama da na Ingila, kai a gaba da mace zaune a baya. New Jersey ta sa kan doki a bisa garma, a bayansa kuma garkuwa da kalmomin E PLURIBUS UNUM. Vermont, wadda a lokacin ba ta ma shiga tarayyar ba sai a 1791, ta fara da hoton rana tana leƙowa daga bayan duwatsu. Massachusetts ta buga senti, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, da rabin senti a 1787 da 1788, da hoton ɗan asalin ƙasar riƙe da baka da kibiya. A 1787 majalisar ƙasa ta ba James Jarvis kwangilar buga kwabon da ake kira Fugio, mai agogon rana a gaba da zobba 13 sarƙe da juna a baya, wanda ake danganta zanensa ga Benjamin Franklin. Da tsarin mulki ya fara aiki a 1789, sai aka hana jihohi buga kuɗi. Waɗannan kwabban suna da daɗin nazari ƙwarai, har ma akwai na New Jersey da aka buga a kan na Connecticut, ta yadda idan aka karkata shi a haske za a hango burbushin tsohon rubutun a ƙarƙashin sabon. Sai dai ban ga dacewar sabon shiga ya fara da su ba, saboda bugunsu tun asali ba shi da tsabta, kuma yana da wuya a gane inda laifin maƙera ya tsaya da inda ɓarnar zamani ta fara.

Dangi na biyu shi ne na gwamnatin tarayya. Dokar 2 ga Afrilu 1792 ta kafa gidan buga kuɗi a Filadelfiya, kuma a 1793 aka fitar da babban senti na farko, guda 36,103, mai hoton kan mace a gaba da sarƙa a bayansa. Mutane ba su so sarƙar ba, domin ta tuna musu da bauta a kuɗin da aka rubuta wa sunan 'yanci, shi ya sa a cikin shekarar aka musanya ta da zagayen ganye. Irin wannan na farko ba abin da mai albashi zai sa a ransa ba ne. A Janairun 2015 an yi gwanjon guda ɗaya a kan dala miliyan 2.35. An ci gaba da buga babban senti da rabin senti har 1857, lokacin da tsadar tagulla da ƙorafin jama'a a kan nauyinsa suka sa aka koma ƙaramin senti. A tsawon wannan lokaci shekara ɗaya ce kawai babu senti mai ɗauke da ita, wato 1815, domin daga kamfanin Boulton na Birmingham ake kawo faifan tagullar da ake bugawa, kuma yaƙin da ya ɓarke tsakanin Amurka da Birtaniya a 1812 ya tsayar da jigilar. Duk wanda ya tallata maka senti na 1815, to, ya nuna maka ko dai jahilcinsa ko kuma niyyarsa.

Dangi na uku kwabban 'yan kasuwa ne, waɗanda ba gwamnati ce ta buga su ba. A Mayun 1837 bankunan Amurka suka daina ba da tsabar zinariya da azurfa a madadin takarda, jama'a suka ɓoye duk tsabar da ta shigo hannunsu, canji ya yi ɓatan dabo. Masu shaguna da masu ƙira suka cike giɓin da kwabban tagulla daidai girman senti, wasu ɗauke da tallar shago, wasu kuma da zambon siyasa. Akwai wanda ya nuna Shugaba Andrew Jackson yana fitowa daga akwatin kuɗi da takobi a hannu ɗaya da jakar kuɗi a ɗayan, a baya kuma ga jaki. Akwai masu rubutun NOT ONE CENT, dabarar kauce wa tuhumar buga jabu. Akwai na 1838 na masu yaƙi da bauta, mai hoton baiwa durƙushe cikin sarƙa. Haka ta sake faruwa a lokacin yaƙin basasarsu, aka buga dubban iri masu girman ƙaramin senti, har majalisa ta haramta su a 1864. A ganina waɗannan ne suka fi ba da labari idan aka kwatanta da kuɗin da ake kashewa a kansu.

To, da wanne za a fara? Ni dai ina ganin babban senti na tsakanin 1840 da 1856 shi ne ƙofar shiga. An buga su da yawa, domin a 1851 kaɗai an fitar da kusan miliyan 9.9, tagullarsu mai kyau ce, kuma wanda ya ɗan sha hannu ana samunsa da 'yan gomiyoyin daloli. Bayan an mallaki biyu ko uku, sai a koma baya zuwa na 1816 zuwa 1839, a haɗa da kwabon 'yan kasuwa guda ko biyu. A yi hattara da na 1808 zuwa 1814, domin tagullarsu mai taushi ce, yawancinsu sun yi baƙi sun yi ramuka, kuma samun mai lafiyayyar fata a cikinsu sai an sha wuya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yanke wa kai iyaka tun da wuri, ko dai guda ɗaya daga kowane zane, ko guda ɗaya daga kowace shekara a cikin zango guda, domin mai sayen duk abin da ya gani zai wayi gari da tarkace cike da gwangwani.

Wurin da harkar take da zurfi shi ne hatimin ƙarfen da ake buga kwabon da shi. A wancan zamani da hannu ake sassaƙa shi, a buga kowane harafi da kowace lamba da kowane ganye ɗaya bayan ɗaya, saboda haka babu hatimi biyu da suke daidai da juna. Hatimin kan tsage, a ci gaba da aiki da shi, tsagar ta riƙa fitowa a jikin kwabo kamar siririn zare da ya taso. Idan shekara ta ƙare hatimin bai mutu ba, sai a buga sabuwar lamba a kan tsohuwa, shi ya sa ake samun 1798 da 7 a ƙarƙashin 8, da 1807 da 6 a ƙarƙashin 7. A 1801 wani ma'aikaci ya rubuta 1/000 maimakon 1/100, wato lambar da ke nuna darajar sentin a bayansa. A 1817 akwai hatimin da aka sa wa taurari 15 maimakon 13. A 1855 akwai mai lambar 5 tsaye da mai 5 karkatacciya. A 1794 akwai wani da aka jera wa ƙananan taurari 94 a gefen bayansa, waɗanda sai da madubi ake ganinsu sosai. Masana sun ba kowane haɗin hatimin gaba da na baya lamba: lambobin Sheldon, daga 1 zuwa 295, na sentin 1793 zuwa 1814 ne, na Newcomb na 1816 zuwa 1857, na Cohen na rabin senti, na Miller na Connecticut, na Maris na New Jersey, na Low kuma na kwabban 'yan kasuwa na matsin 1837. Idan ka ga an rubuta S-48 ko N-16 a talla, wannan ake nufi.

Yadda ake gano lambar kwabo aiki ne na natsuwa. A ajiye shi a kan tsumma, a kunna fitilar daga gefe domin inuwa ta fito da abin da ya taso, sannan a duba abu uku: tazarar da ke tsakanin lambobin shekarar, inda ƙarshen gashi ko tauraro ya nufa dangane da lambobin, da inda bakin ganye ya tsaya a ƙarƙashin haruffan bayan kwabon. A rubuta abin da aka gani kafin a kwatanta da hotunan da masana suka wallafa, domin ido yana da saurin ganin abin da zuciya take so. Ƙungiyar Early American Coppers, wadda aka kafa a 1967, tana tattara masu wannan nazari, kuma hotunan gwanjojin da suka wuce suna nan a intanet kyauta, mutum zai iya shafe watanni yana karatu a kansu kafin ya kashe ko sisi.

Sai batun auna lafiya. Ma'aunin da ake amfani da shi, daga 1 zuwa 70, William Sheldon ne ya ƙirƙiro shi a 1949, kuma domin babban senti ya yi shi kafin ya bazu zuwa sauran kuɗi. Mai lamba 4 ya side ƙwarai amma ana karanta shekararsa, mai 12 manyan layukan gashi sun fito, mai 20 zuwa 35 ya sha hannu daidai gwargwado, mai 40 tudun zanen ne kawai ya goge, daga 60 zuwa sama kuwa bai taɓa shiga kasuwa ba. Amma masu tagulla ba sa tsayawa a nan. Sukan fara kimanta kaifin zanen, sannan su rage maki saboda ramuka, ko ƙarzuwa, ko lanƙwasar baki, ko alamar wanki. Saboda haka kwabo mai lamba 12 da fata mai santsi ruwan ƙasa ya fi mai kaifin 30 wanda tsatsa ta cinye, ko a wajen kallo ko a ranar sayarwa. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC sukan rufe kwabo a cikin roba mai tauri da lambar shaida, kuma idan an taɓa wanke shi ko ya lalace sukan ƙi ba shi lamba, su rubuta laifin a jiki.

Jabu yana nan da yawa, tsoho da sabo. Babban senti daga ƙarshen 1795 zuwa 1857 an buga shi a kan giram 10.89, na kafin nan kuma 13.48, kuma shan hannu ba ya rage abu mai yawa, don haka wanda ya kauce sosai abin zargi ne. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla. Idan ya kama an gama magana, idan bai kama ba kuma ba shaida ba ce. Jabun da aka yi ta hanyar zubi yakan nuna ƙananan kumfa da haruffa masu dakushi, sannan akwai wanda ake haɗa gaba da baya a manne, wanda layin haɗin yake bayyana a kewayen bakinsa. An fi yin maguɗi a shekarun da ba a samu, wato 1799 da 1804, ta hanyar sassaƙe lambar wata shekara. Sentin 1804 na gaskiya yana da alamar da aka sani: sifilin shekarar yana daidai saitin harafin O na kalmar OF da ke bayansa. Dokar Amurka ta 1973 ta wajabta buga kalmar COPY a jikin kwaikwayo, amma masu buga jabu a wasu ƙasashe ba su san da zamanta ba, har robar tantancewar ma ana kwaikwayonta, shi ya sa ya kamata a shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin a kwatanta hoton.

Saye daga Bauchi cinikin biri a sama ne idan ba a yi tsari ba. A nemi hoton gaba da baya da baki, manya kuma a hasken da bai ɓoye komai ba, a tabbatar dillalin yana karɓar kaya idan an mayar, a kuma duba nawa irin wannan kwabon ya tashi a gwanjon baya, ba nawa ake tallarsa ba. A lissafa kuɗin aikowa da inshora da canjin dala kafin a yi tayi, domin sau da yawa kuɗin hanya yakan kai kuɗin kwabon kansa. Dillalai da yawa ba sa aikowa Nijeriya, saboda haka hanyar da ta fi sauƙi ita ce a tara sayayya biyu ko uku a adireshin ɗan'uwa ko aboki da yake can, ya taho da su tare da rasit idan zai zo gida. Idan kuwa wani ya tare ka da kwabon 1793 a farashin buhun masara, ka tuna araha ba ta ado.

Na bar maganar wanki zuwa nan domin a kaina ta faru. Sentina na farko na 1851 ne, ruwan ƙasa mai kyau, kuma na bar shi a kan tebur a ɗakina wata ranar Asabar na fita ɗaurin aure. Da na dawo, Goggo, ƙanwar mahaifina da ta zo mana kwana biyu, ta miƙo mini shi a tafin hannunta tana murmushi, ta ce, "Ɗan nan, na ga kuɗin naka ya yi dauɗa, na ɗan sa masa tsamiya da toka. Dubi yadda ya fito." Ya fito kuwa, ja fes kamar sabon munduwa. Na ce, "Sannu da aiki, Goggo, Allah ya saka da alheri," domin babu abin da za a ce wa babba da ta yi abu da kyakkyawar niyya, kuma laifin nawa ne da na bar shi a fili. Da dare na sa madubi na ga abin da ya auku: tsamin ya cinye fatar da ta ɗauki fiye da shekara 160 tana taruwa, tokar kuma ta bar siraran layuka a kumatun hoton da filin da ke gabansa, duk sun nufi gefe guda. Bayan 'yan watanni ya sake yin duhu, amma duhu mai dabbare-dabbare, wanda duk mai ido zai gane daga nesa. Garin neman gira aka rasa ido. Lemon tsami, da omo, da man goge ƙarfe, da buroshin haƙori, duk aikinsu ɗaya ne da na tsamiyar Goggo. Idan aka ga kore mai gari-gari yana ci gaba da yaɗuwa, a ware wannan kwabon daga sauran, a busar da wurin ajiyarsa, a nemi shawarar wanda ya ƙware, kuma duk wata dabara da aka karanta a fara gwada ta a kan kwabon 1973.

Ajiya a garinmu tana da abokan gaba biyu, laimar damina da ƙurar hunturu. Laima ce take tayar da kore, musamman a watan Agusta, ƙura kuma idan aka share ta da yatsa ko da gefen riga sai ta zama kamar yashi. A riƙe kwabo ta bakinsa kawai, da hannu wankakke busasshe, kuma kada a yi magana baki yana saitinsa, domin ɗigon yawu da ba a gani yakan zama baƙin tabo bayan wani lokaci. A guji leda mai laushi irin ta PVC, wadda take fitar da wani maiƙo kore a jikin tagulla, a guji robar ɗaure kuɗi, a kuma nisanta shi daga madafa da hayaƙin turaren wuta. Masu wannan harka sukan sa kowane kwabo a 'yar jakar auduga, sannan a cikin ƙaramin ambulan na takarda mara sinadarin ƙibiritu, a jera su a akwati mai rufuwa sosai tare da ƙullin ƙwayoyin tsotse laima irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Ƙwayoyin sukan ƙoshi su daina aiki, saboda haka a canza su a farkon damina da tsakiyarta.

A bayan kowane ambulan a rubuta shekara, da lambar hatimi, da nauyi, da inda aka saya, da ranar, da farashin a dala da kuma a naira, sannan a kwafe wannan a littafi tare da hoton gaba da baya da aka ɗauka a ranar da kwabon ya iso. Idan ya zo da tsohon ambulan na mai shi na da, kada a yar, domin masu tagulla suna daraja sanin hannayen da kwabo ya bi, kuma takardar tana tafiya tare da shi duk ranar da aka sayar. Hoton ranar farko shi ne abin da za a riƙa kwatantawa da shi duk ƙarshen damina, a ga ko wani tabo ya fito ko ya ƙara faɗi. A shafin farko na littafin kuma a rubuta da manyan baƙaƙe, yadda duk wanda ya buɗe akwatin a gidan zai gani, cewa kada a wanke.